Tarihin ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa: shekara 160 ana neman jan launi

Idan mai nutso ya yanke a yatsa a zurfin mita 20 cikin teku, jinin da zai ga yana fita kore ne mai duhu-duhu. Jacques Cousteau ya ba da labarin irin wannan a littafinsa na 1953, lokacin da suka soki wani kifi a can ƙasa suka ga yana zubar da koren jini. Jinin dai yana nan yadda yake. Abin da ya ɓace shi ne jan hasken da zai faɗa a kansa ya dawo cikin ido.

Hasken rana gaurayen launuka ne, waɗanda muke gani a bakan gizo, kuma ruwa ba ya shanye su daidai wa daida. Ja yake fara haɗiyewa, yawancinsa ya tafi kafin a wuce mita 5. Ruwan lemo ya biyo baya wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, sai a bar kore da shuɗi, shuɗin kuma shi ya fi kowa jurewa. Waɗannan alƙaluma suna motsawa gwargwadon tsabtar ruwan, amma jerin ba ya canjawa a teku mai garau. Ga kuma matsala ta biyu: ruwa cike yake da ƙananan halittu da ɓurɓushin yashi masu watsa haske. Duk wanda ya taɓa kunna fitilar mota da daddare cikin hazon hunturu ya san abin da nake nufi, hasken ya daki ƙura ya dawo maka a fuska, hanyar kuma ba ka gan ta ba. Ta uku ita ce nauyin ruwa. Kowace mita 10 da ka sauka, an ƙara maka matsi daidai da na iskar duniya baki ɗaya, kuma ruwan zai nemi kowace 'yar ƙofa ya shiga cikin kyamara.

Matsala ta uku an gama da ita tuntuni. Ta farko da ta biyu kuwa, su ne tarihin wannan fanni.

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne William Thompson, wani Bature ɗan Ingila, a 1856. Bai shiga ruwan ba ma. Ya sa kyamara a cikin akwati, ya zura ta daga kwalekwale zuwa zurfin kusan mita 5 a mashigin Weymouth, ya ja igiya ya buɗe ta na tsawon minti 10. Ruwa ya shiga akwatin. Abin da ya fito wani dishi-dishi ne da sai an gaya maka ciyawar teku ce kafin ka yarda.

Aikin gaske ya fara ne da Louis Boutan, masanin halittun ruwa a ɗakin bincike na Arago da ke Banyuls-sur-Mer, kudancin Faransa, a bakin tekun Bahar Rum. Boutan yana nazarin dodon koɗi da danginsa, kuma yana nutso da irin tsohuwar rigar nan mai kwalkwalin tagulla da takalman dalma, ana hura masa iska ta tiyo daga sama. Abin da ya dame shi shi ne, idan ya fito ya bayyana abin da ya gani, babu shaida sai bakinsa. A 1893 shi da ɗan'uwansa Auguste suka ƙera akwatin ƙarfe mai tagogin gilashi, suka haɗa masa balan-balan ta roba. Idan aka sauka, ruwa ya matse balan-balan, iskar cikinta ta shige akwatin, matsin ciki da na waje su daidaita. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Sai dai farantan hoton zamanin ba su da saurin kama haske, don haka wani lokaci sai ya tsaya har kusan minti 30 kyamara a buɗe. Kifi ba zai tsaya maka minti 30 ba, ciyawar teku ma kaɗawa take yi.

To, sai ya ce bari ya sauko da nasa hasken. A nan ne labarin ya zama abin dariya da ban tsoro a lokaci guda. Aka ɗauki gangar katako cike da iska, aka ɗora fitilar barasa mai ci a kanta, aka kife ta da ƙwaryar gilashi. Idan Boutan ya matsa wata 'yar roba, sai garin maganiziyam ya feso kan harshen wutar ya yi wal. Wato wuta ce tsirara ake kunnawa a ƙasan teku. Hayaƙi yakan rufe gilashin, zafi kuma yakan fasa shi. Daga baya ya koma fitilun lantarki masu batir, kuma a 1899 ya zura kyamara da fitilu zuwa zurfin mita 50 ya samo hoto. A 1900 ya wallafa littafi a kan wannan aiki, na farko irinsa.

Duk hotunan Boutan baƙi da fari ne, saboda haka ɓatan ja bai tsone masa ido sosai ba. Wanda abin ya dama shi ne William Longley, malamin ilimin halittu a Kwalejin Goucher ta Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nutso a tsibiran Dry Tortugas kusa da Filorida. Tambayar bincikensa ita ce: me ya sa kifayen da ke zaune cikin murjani suke da launuka masu ƙyalli haka? Shi yana ganin launukan na ɓuya ne, suna sajewa da muhallin. Ka ga kuwa mai irin wannan da'awa, hoton baƙi da fari ba zai yi masa komai ba.

A 1926 mujallar National Geographic ta haɗa shi da Charles Martin, shugaban ɗakin wanke hotunanta. Faranti mai launi da ake da shi a lokacin shi ne Autochrome, wanda 'yan'uwan nan Lumière suka fitar kasuwa a 1907. An yi shi ne da ƙwayoyin sitacin dankalin Turawa da aka rina launi uku aka shimfiɗa a kan gilashi, kuma yana cin haske kamar me. Martin ya yi wa farantan wani wanka na sinadari da ya ƙara musu sauri, amma duk da haka hasken ƙasan ruwa bai isa ba. Sai suka haɗa wani ɗan dandamali mai yawo a saman ruwa, suka zuba masa garin maganiziyam kusan rabin kilo, suka rufa masa farin ƙyalle don ya mayar da hasken ƙasa, suka ja waya zuwa kyamarar da ke hannun Longley. Yana danna maɓalli a ƙasa, sama ta tashi kamar bam. Hotunan sun fito a mujallar ta Janairun 1927, ciki har da na wani kifi mai dogon baki da ake kira kifin alade. Su ne hotuna masu launi na farko daga ƙarƙashin teku.

A lura fa, wannan dabara ruwa marar zurfi kawai ta yi wa aiki. Hasken maganiziyam ɗin ma daga sama yake saukowa, ruwan kuma yana cinye jan cikinsa kamar yadda yake yi wa na rana.

Abubuwa biyu suka buɗe hanya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na farko, na'urar numfashi da Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a 1943, wadda ta raba mai nutso da tiyo da takalman dalma, ya zama yana iya bin kifi. Na biyu, fitilar walƙiya ta lantarki, wadda Dimitri Rebikoff ya shigar da ita ruwa wajen 1950, Harold Edgerton na jami'ar MIT kuma ya yi ta ƙera wa Cousteau irinta don zurfin da mutum ba ya kaiwa. Bahar Maliya, tekun da ke tsakanin Sudan da Jidda, ya zama filin gwaji saboda tsabtar ruwansa. Hans Hass ɗan Ostiriya ya yi aiki a gaɓar Port Sudan a 1949 da 1950, fim ɗinsa ya ci kyauta a Venice a 1951, daga baya kuma aka fitar da akwatin kyamara na Rolleimarin bisa tsarinsa. A 1963 Cousteau ya kafa gidan ƙarfe a zurfin mita 10 a Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan, mutanensa suka yi wata guda a ciki, fim ɗin da aka ɗauka a wurin ya ci Oscar. Ragowar ginin na nan har yau masu nutso suna ziyarta.

A tsakanin nan ne injiniya Jean de Wouters ɗan Beljiyam ya tsara wa Cousteau kyamarar Calypso, wadda ba ta buƙatar akwati, jikinta ne da kansa yake hana ruwa shiga da zobban roba. Kamfanin Nikon ya karɓi tsarin ya fitar da ita da sunan Nikonos a 1963, ta yi kusan shekara 40 tana mulkin fannin.

Da fitila a hannu, ja ya dawo, amma da sharaɗi. Hasken fitilar sai ya je ya dawo. Idan kifi yana nesa da kai mita 2, hasken ya yi tafiyar mita 4 cikin ruwa, ja ya riga ya raunana. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa mai ɗaukar hoto a ruwa ita ce ya matsa kusa, in ya ga ya matsa ya ƙara matsawa. Daga nan sauran kayan aikin suka samo asali. Ana amfani da gilashin kyamara mai faɗin gani don babban abu ya shiga hoto daga kusa. Ana sa masa murfi mai siffar ƙoƙo maimakon shafaffe, domin shafaffen gilashi yana karya haske, ya ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya rage faɗin abin da ake gani. Su kuma dogayen hannayen nan da ake maƙala fitilu a kansu, ba ado ba ne: ana nisanta fitilar daga kyamara ne don kada ta haska ƙurar da ke gaban gilashin kai tsaye. Maganin hazo ke nan.

Akwai wani abu da nake ganin ba a cika faɗa ba. Jajayen murjani da muke gani a mujallu da talabijin, a zurfin mita 25 babu halittar da ke ganinsu haka da hasken rana. Launin na gaskiya ne, amma fitila ce ta fito da shi na ɗan ƙiftawar ido. Kifin da yake ja wur a hoto, a gidansa baƙi-baƙi ne, ya saje da duhu. Wato hoton da ya fi kyau yana iya ɓatar da mai irin tambayar Longley. Ga mai neman ado wannan ba komai ba ne. Ga mai bincike kuwa dole ya san wane launi yake aunawa, na jikin halittar ko wanda ruwa ya bari.

Yanzu wannan tambaya ta wuce batun kifi. Murjani dabba ce, kuma yawancin launinta da abincinta daga wasu ƙananan tsirrai ne masu ƙwayar halitta ɗaya da ke zaune cikin jikinta. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da shi a lokacin zafi da digiri 1 kacal na tsawon makonni, murjanin yakan kore su, ya koɗe ya yi fari, in abin ya daɗe ya mutu. Launi ke nan shi ne ma'aunin lafiyarsa. Hotuna biyu da ayarin XL Catlin Seaview Survey ya ɗauka a wuri guda a tsibirin Samowa ta Amurka, ɗaya a Disambar 2014 ɗaya a Fabrairun 2015, sun zagaya duniya saboda a wata biyu zuwa uku wurin ya koma fari fat. A can bambancin a fili yake. Amma koɗewar farko-farko, wadda ita ce gargaɗi, 'yar kaɗan ce, kuma canjin zurfi ko gajimare ko gurɓatar ruwa na iya haifar da irinta a hoto, ko su ɓoye ta.

Hanya mafi arha ita ce ta shirin CoralWatch na Jami'ar Queensland a Ostireliya, wanda ya fara a 2002: kati ne na roba mai jerin launuka daga mai haske zuwa mai duhu, ka kara shi a jikin murjanin ka kwatanta. Duk abin da ruwa ya yi wa murjanin ya yi wa katin, sai zaluncin ya zama ɗaya.

Hanya ta biyu ta lissafi ce. An daɗe ana gyara launin hotunan ruwa a kwamfuta da tsarin da aka aro daga na cire hazo a hotunan tudu. A 2018 Derya Akkaynak, 'yar Turkiyya masaniyar teku, da Tali Treibitz a Jami'ar Haifa suka nuna cewa aron bai dace ba. Tsarin ya ɗauka cewa raunanar hasken da ke fitowa daga abu da kuma hasken da ƙura ke watsowa ƙa'ida ɗaya suke bi, alhali a ruwa kowanne da tasa. A 2019 suka fitar da manhajar Sea-thru. Tana buƙatar sanin nisan kowane ɗigo na hoton daga kyamara, wanda ake samu ta hanyar ɗaukar wuri guda daga kusurwoyi da yawa. Da wannan sai ta fara cire hasken hazo, sannan ta mayar wa kowane ɗigo launin da ruwa ya ci gwargwadon nisansa. Hotunan da ke fitowa kamar an janye tekun ne an bar murjani a rana.

Tana da iyakarta. Manhajar tana ƙarfafa ɗan jan da ya samu isowa cikin kyamara ne, kuma tana aiki da ɗanyen hoto wanda na'ura ba ta riga ta matse shi ba. Inda ja bai iso ba ko kaɗan, babu abin da lissafi zai ƙarfafa, sai dai ya ƙirƙira. Don haka a zurfin mita 40 mai bincike har yau yana sauka ne da fitilu biyu a kan dogayen hannaye da katin launi ɗaure a wuyan hannunsa.