2.3 Daga Takarda Zuwa Kwamfuta: Tarihin Zana Sarƙaƙƙen Kiɗa

A wannan sashe za a bi diddigin ƙoƙarin da masana suka yi na mayar da sarƙaƙƙen kiɗa abin gani da ido. Abin da ake nufi da sarƙaƙƙen kiɗa a nan shi ne inda makaɗa suke raba lokaci ɗaya ta hanyoyi daban-daban, misali wani ya yi bugu uku a daidai tsawon lokacin da ɗan'uwansa ya yi biyu. Ra'ayin wannan bincike shi ne, gajerun manhajojin da ake rubutawa don zana irin wannan kiɗa ba su zo da sabon hoto ba. Gadonsa suka yi, tare da kurakuransa.

Tun a ƙarni na 13 Safiyuddin al-Urmawi na Bagadaza ya yi amfani da da'ira wajen nuna zagayen kiɗa a littafinsa Kitab al-Adwar. Manazartan Turai da suka tunkari kiɗan Afirka ba su bi wannan hanya ba, sai suka ɗora shi a kan rubutun kiɗa irin nasu. A. M. Jones (1959), wanda ya yi aiki da makaɗin Ewe Desmond Tay, ya sa wa ganguna layukan tsayawa a wurare daban-daban, kamar dai kowane makaɗi yana da nasa mafarin. Daga baya masana, ciki har da Kofi Agawu ɗan ƙasar Gana, sun soki wannan, domin ƙafar masu rawa tana nuna cewa ma'auni ɗaya kowa yake bi.

A shekarar 1962 Philip Harland ya fito da tsarin akwatuna a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, James Koetting kuma ya bayyana shi a rubuce a 1970. Kowane akwati yana wakiltar ƙwayar lokaci ɗaya. A cike shi in akwai bugu, a bar shi fayau in babu. Ɗauki kiɗan gankogui, wato ƙarfen Ewe mai baki biyu da ya yi kama da kuge. Akwatunansa 12 ne, bugu kuma yana faɗawa a na 1, 3, 5, 6, 8, 10 da 12. Wannan jeri na "akwai" da "babu" shi ne ainihin abin da kwamfuta take ganewa, shi ya sa tsarin ya shige ta ba tare da wahala ba.

Godfried Toussaint na Jami'ar McGill a Kanada ya dawo da da'ira. A 2005 ya nuna cewa dabarar lissafin Yukilid, in aka sa ta ta rarraba bugu 7 cikin gurabe 12 daidai gwargwado, za ta ba da wancan kiɗan na Ewe, sai dai wurin farawa ya bambanta. Tun da kuwa an riga an sami Processing a 2001, daga baya kuma Sonic Pi a 2012, ɗalibi yana iya gwada abin da 'yan layuka kaɗan. Don nuna uku a kan huɗu, manhajar za ta zana ɗigo 12 a da'ira, ta shafa wa kowane na huɗu ja, kowane na uku shuɗi, sannan ta sa hannu irin na agogo ya riƙa kewayawa. Sau ɗaya tak launukan biyu suke haɗuwa a kowane zagaye.

To, amma akwati da ɗigo duk sun ginu ne a kan zaton cewa ƙwayoyin lokaci tsawonsu ɗaya. Binciken Rainer Polak (2010) a kan gangar jembe a Bamako ya nuna makaɗa suna tsawaita wasu ƙwayoyin, suna gajarta wasu, a kan tsari tabbatacce, ba bisa kuskure ba. Har ila yau, hoton yana nuna lokacin bugu ne kawai. Mai kalangu kuwa yana matsa tsarkiya yana saki don amon ya hau ya sauka kamar karin sautin magana, ta yadda kirari biyu mabambanta za su iya fitowa da ɗigo iri ɗaya a fuskar kwamfuta. Wannan matsala ce za a duba a babi na uku.