Daga Jakar Turare Zuwa Takardar Haraji: Tarihin Matan Amurka Masu Ciniki Daga Gida

Duk shekara in ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan waiwayi tarihinmu. Bana sai muka ce bari mu leƙa gidan wasu. Yawancinmu daga ɗaki muke ciniki: turaren wuta, humra, atamfa, man shafawa, kayan kicin. To, matan Amurka sun kusa shekara 140 suna irin wannan sana'a, kuma yadda suka kwashe da hukumar harajinsu akwai abin dubawa a ciki.

Abin ya samo asali ne daga wani mai tallar littattafai gida-gida, David McConnell, wanda yakan ba matan gida ɗan turare kyauta don su saurare shi. Da ya ga turaren ya fi littafin farin jini, sai ya kafa kamfanin California Perfume Company a New York a 1886. Wakiliyarsa ta farko wata matar aure ce, Misis Albee, daga jihar New Hampshire. Ita ta riƙa yawo da jakar turare, tana kuma ɗauko wasu matan su zama wakilai. Kamfanin nan shi ya koma Avon a 1939. A ɓangaren baƙar fata kuwa akwai Madam C. J. Walker, wadda aka haifa a 1867, 'yar tsofaffin bayi. Da wankau ta fara, ta koma haɗa man gashi, har ta tara dubban wakilai mata, ta kuma kira musu babban taro a Philadelphia a 1917.

A farkon lamarin ba ruwan matan nan da haraji. Harajin kuɗin shiga na tarayya da ake biya yau bai fara ba sai 1913, kuma a lokacin sai wanda samunsa ya haura dala 3,000 a shekara, kuɗin da talaka ko a mafarki. Sai lokacin yaƙin duniya na biyu harajin ya sauko kan kowa da kowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar fansho ta 1935, wadda suke kira Social Security. Dokar ta ce kamfani ya zuba wani kaso, ma'aikaci ma ya zuba. Kamfanonin talla sai suka ce ai wakilansu ba ma'aikata ba ne, kowace gashin kanta take ci. Kun ga ke nan mace sai ta shekara talatin tana buga ƙofofin mutane, ta tsufa ba ta da ko sisin fansho na kanta. A 1950 aka gyara dokar. Daga 1951, duk mai sana'ar kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara zai biya kashi 2.25 cikin ɗari. Yau kason ya kai 15.3, amma dala 400 ɗin nan tana nan inda take.

Ku lura da kalmar: riba aka ce, ba ciniki ba. Shi ya sa aka tanadi takarda mai suna Schedule C, inda mai sana'a za ta rubuta duk abin da ya shigo, ta cire kuɗin sari da ɗawainiyar sana'a. Misali, in ta yi cinikin dala 10,000, sarin kaya ya ci 6,000, mai da kuɗin aike da talla suka ci 1,500, to a kan 2,500 kawai za a yanka mata haraji. Amma fa sai da rasit. Wadda ba ta da shaida, hukuma na iya ƙin yarda da ɗawainiyar da ta lissafa.

Sana'ar ta bunƙasa sosai bayan yaƙi. A 1951 kamfanin robobin abinci na Tupperware ya janye kayansa daga kantuna, ya danƙa wa wata bazawara, Brownie Wise, ragamar cinikin da ake yi a falo, inda uwargida ke gayyato maƙwabta a ci a sha a ga kaya. A 1963 Mary Kay Ash ta buɗe kamfanin kayan kwalliya a Dallas da jarin dala 5,000. Da gida ya zama shago, sai tambaya ta taso: kuɗin haya da na wuta, nawa ne na iyali, nawa ne na sana'a?

Majalisa ta raba gardama a 1976. Ta ce ɗakin da za a cire kuɗinsa sai wanda aka keɓe wa sana'a zalla, ake kuma aiki a cikinsa a kai a kai. Falon da yara ke kallon talabijin bai shiga ba. Sai dai an yi wa masu sayar da kaya sassauci: wurin ajiyar haja yana shiga lissafi, muddin gidan ne kaɗai mazaunin sana'ar. A 1982 kuma doka ta tabbatar cewa wakilin talla mai zaman kansa ne, in ladansa a kan ciniki yake ba a kan awannin aiki ba, kuma akwai yarjejeniya a rubuce. Daga 2013 aka kawo hanya mai sauƙi: dala 5 a kan kowace murabba'in ƙafa, iyaka dala 1,500.

Akwai wasu ƙa'idoji da za su ba ku dariya don kamar da mu ake. Kayan da kika ɗiba daga haja kika shafa a jikinki ba ɗawainiyar sana'a ba ce. Kyautar da kika ba mai sayen kayanki, dala 25 kawai ake cirewa a kan mutum ɗaya a shekara. Wadda kuma kullum asara take rubutawa, hukuma na iya cewa wannan sha'awa ce ba sana'a ba, ta hana ta cire asarar. Mai ɓoye riba ita ma kanta take cuta, domin da abin da ta bayyana ake auna fanshonta.

To, me ya haɗa mu da wannan? A watan Yunin 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a Najeriya, masu aiki daga Janairun 2026, kuma naira 800,000 ta farko ta samun mutum a shekara ba haraji a kanta. Albishir ne ga ƙananan 'yan kasuwa. Amma Hajiya, in kuɗin sari da na adashi da na cefanen maigida duk a asusu ɗaya suke faɗawa, da me za ki nuna ainihin ribarki? Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka shawararmu ta bana ba ta da tsada: littafi ɗaya, biro ɗaya, da leda ta adana rasit. Shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita. Uwar kuɗi daban, riba daban, kuɗin cefane daban. Littafin nan shi zai tsaya miki gaban jami'in haraji, shi ne kuma shaidarki ranar da kika zo neman rance a ƙungiya.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya maimaita mana na baɗi lafiya.