Tsuntsu ne ya zana fikafikan faɗa-wuta

Duk wanda ya taɓa hira a gindin fitila a Nguru ko Gashuwa da damina ya san faɗa-wuta, wannan ɗan'uwan malam-buɗe-littafi da ke yawo da dare. Da gari ya waye sai a neme shi a rasa, alhali yana nan manne a jikin tsamiya ko bagaruwa, ya shimfiɗa fikafikansa masu ruwan toka da zane-zane irin na ɓawo. Zanen nan ne ke ɓatar da siffarsa, har tsuntsu ya wuce bai gan shi ba.

Yadda aka gano haka kuwa, labari ne da ya faro daga Ingila. A can akwai wani faɗa-wuta fari mai ɗigo-ɗigon baƙi. A 1848 aka kama baƙinsa ƙirin a Manchesta, lokacin da hayaƙin masana'antu ya dafe itatuwa. Kafin 1895, kashi 98 cikin 100 na waɗanda ke garin baƙaƙe ne. A 1896 James Tutt ya ce aikin tsuntsaye ne: fari a kan baƙin icce abincin banza ne, baƙi kuwa ya saje, ya rayu, ya hayayyafa.

Sai da aka shekara fiye da 50 kafin Bernard Kettlewell ya gwada zancen. A 1953 ya sa wa ɗaruruwa alama ya sake su a wani daji kusa da Birminham. Rabon baƙaƙen da suka sake shiga tarkonsa ya ninka na farare. A 1955 ya maimaita a Doset, inda iska ke da tsabta, sai reshe ya juye da mujiya, farare suka fi tsira.

An soki aikin, aka ce ya ɗora ƙwarin a inda ba su saba wuni ba, kuma sukar tana da hujja. Abin da ya fi burge ni shi ne amsar Michael Majerus na Jami'ar Kambirij, wanda bai tsaya cacar baki ba. Shekara da shekaru yana sakin ƙwari, har guda 4,864, yana zaune yana ƙirga wanda tsuntsu ya tsince. Ya rasu a 2009, aka buga sakamakon a 2012, ya kuma gaskata Tutt. A lokacin hayaƙi ya ragu, baƙaƙe ne ke shan kashi.

Cikin tsuntsayen da aka ɗauki hotonsu suna tsince faɗa-wuta a gwajin Kettlewell na Birminham akwai wani ƙarami mai jan wutsiya. Irinsa suna tsallako Sahara duk shekara su ci rani a yankinmu, har da arewacin Najeriya, inda suke bin ƙayoyi suna neman ƙwari har zuwa bazara.