Selenium (manhaja)

Selenium tarin manhajoji ne na kyauta da ake amfani da su wajen gwada shafukan intanet ba tare da mutum ya yi ta danne-danne da hannu ba. Mai gwaji yakan rubuta umarni, sai Selenium ya buɗe burauza irin su Chrome ko Firefox, ya cike fom, ya danna maɓalli, sannan a duba ko sakamakon ya yi daidai da abin da ake tsammani.

Tarihi

Jason Huggins ne ya ƙirƙire shi a shekarar 2004, lokacin da yake aiki a kamfanin ThoughtWorks da ke birnin Chicago a Amurka. Daga baya Simon Stewart ya samar da WebDriver, aka haɗe su a Selenium 2 a shekarar 2011. Selenium 4 ya fito a 2021.

Koyo

Masu farawa kan soma da Selenium IDE, wanda ke naɗar abin da mutum ya yi a burauza ya maimaita shi. Amma aiki da WebDriver sai an iya ɗaya daga cikin harsunan kwamfuta, kamar Java, Python ko JavaScript, tare da sanin tsarin HTML. Babbar matsalar ɗalibai ita ce gwaji kan lalace idan aka sauya fasalin shafi, ko idan umarni ya riga shafin gama buɗewa. Selenium ba ya maye gurbin gwajin hannu, domin abin da aka umarce shi kawai yake dubawa.