Raji: ƙwayoyin jikin yaron Najeriya da suka ƙi mutuwa

A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a asibitin Mulago da ke Kampala, ya wallafa bayanin wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara. Ƙwayoyin B na garkuwar jiki yake kamawa, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ƙarin kan iya ninkawa. Da Burkitt ya bi sawunsa a faɗin Afirka, sai ya tarar ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida.

Najeriya ta shigo labarin a 1963. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyin ƙarin daga muƙamuƙin wani yaro ɗan shekara 11, ya zuba su a kwalba cikin ruwan da ke ciyar da su. A da, ƙwayoyin jinin ɗan Adam ba sa daɗewa a wajen jiki. Waɗannan kuwa suka yi ta hayayyafa ba tsayawa. Aka raɗa musu suna Raji, kuma su ake lissafawa a matsayin na farko a irinsu. A 1964 masu bincike Epstein, Achong da Barr suka gano wani bairos a Landan cikin ƙwayoyin irin wannan ƙari da aka aiko daga Yuganda. Raji ma na ɗauke da shi.

Har gobe ana adana su a daskare cikin ruwan naitirojin. In an narkar da su a ɗumin digiri 37, sai su riƙa yawo cikin ruwan, cure-cure kamar dambu. A kansu ake gwada magunguna irin su rituximab, wanda Amurka ta amince da shi a 1997. Bayan Raji, wasu ƙwayoyin da ake rainonsu haka, Daudi daga Kenya, Jurkat daga Jamus da THP-1 daga Japan, suka biyo sahu.

Abin takaicin yana nan gida. A wuri irin Bacirawa da ke Kano, uwa kan ga kumatun ɗanta ya tasa, haƙora na girgiɗi, ta ce ai hangum ne, a nufi kemis. Kafin a dangana da Asibitin Malam Aminu Kano, makonni sun shuɗe, alhali ciwon na jin tsohon magani irin cyclophosphamide in an zo da wuri. Rituximab ɗin kuwa, manomin da zai sayar da buhunan gero ya saye shi sai an tona.