Zuriya ɗaya, suna biyu: yadda Daura ta koma sunan mutane

Marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura a 1942, da Malam Mamman Daura, tsohon editan jaridar New Nigerian, jini ɗaya ne. Mahaifin Mamman, Alhaji Dauda, wan Buhari ne, Hardo Adamu kuwa uba ne ga ɗaya, kaka ga ɗayan. Da a Ingila aka haife su, da dukkansu Adamu za su riƙa amsawa. Amma ga shi ɗaya ya tashi da sunan garinsu, ɗayan kuma da sunan da aka raɗa masa. Wannan ya isa ya nuna cewa abin da takardun gwamnati ke kira sunan iyali sabon abu ne a ƙasar Hausa, kuma Daura da ke ƙarshen sunan mutum shaidar gari ce, ba ta jini ba.

Turawan ma ba da shi suka faɗo daga sama ba. A Ingila sai bayan mamayar Normandawa ta 1066 manyan masu ƙasa suka fara gadar wa 'ya'yansu suna, talakawa kuwa suka biyo baya sannu a hankali, har wajen 1400 yawancin gidaje suka samu nasu, wasu daga sana'a, wasu daga garuruwa irin su Lincoln da York. Mutanen Ayalan sun riga su, kuma su ta kakanni suka bi: gidan O'Brien jikokin Sarki Brian Boru ne, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Abin da ya ci Ingila ɗaruruwan shekaru, a Daura bai wuce tsawon rayuwar kaka da jika ba.

Kafin boko, mutumin Daura bai rasa abin da za a bambanta shi da takwaransa ba. Yana da sunan yanka, yana da alkunya, tunda uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, yana da sunan rana kamar Ɗanjuma ko Ɗanladi, ga sana'a, a ce Audu Maƙeri ko Sule Wanzami, ga sarauta, wadda takan haɗiye sunan mai ita har a manta da shi. Duk waɗannan da mutum suke rayuwa, kuma da shi ake binne su. Rajistar makaranta ce ta zo da sabon sharaɗi. A Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, da makarantun midil, sai aji ɗaya ya tara Muhammadu da Abubakar rututu daga larduna daban-daban, ga shi yaro mai tarbiyya yana jin nauyin ambaton sunan mahaifinsa a gaban jama'a. Malami sai ya tambayi garinsu ya rubuta. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita da Shehu Shagari, Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake ce masa a makaranta. Ɗan Daura ya bi wannan layi, sunan ya bi shi zuwa takardar shaidar karatu, da ta albashi, da fasfo, har ya gagara gogewa.

Wasu za su ce ashe ke nan baƙon abu ne da Bature ya ɗora mana. Wannan magana rabin gaskiya ce. Jingina mutum ga garinsu ya daɗe a hannun malamanmu: masanin nan Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da sunan Katsina duniya ta san shi. Shi kansa Buhari ai sunan gari ne, domin Imamu Buhari mai tara hadisai an jingina shi ne ga birnin Bukhara da ke Uzbekistan ta yau. Ƙaunar littafinsa ta sa Hausawa suka mai da shi sunan yanka, takardun zamani kuma suka mai da shi sunan iyali, har uwargida Aisha ta ɗauke shi. Abin da boko ya kawo shi ne daskarar da sunan da gadar da shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa sunan gari yana ture na uba, alhali Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya yi umarnin a kira mutane da iyayensu. Suna da hujja, shi ya sa da yawa ke haɗa biyun, kamar Lawal Musa Daura, tsohon shugaban hukumar tsaron farin kaya. Sai dai sunan gari yana riƙe da tarihin da sunan uba ba ya iya ɗauka. Lokacin da Malam Isiyaku ya ci Daura a farkon jihadi, wajen 1805, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure, har Turawa suka ɗora ɗaya daga cikinsu, Malam Musa, a gadon Daura a 1904. Wanda ya ji sunan Sani Zangon Daura, ministan noma a 1999, ya ji wancan ƙarni na hijira, da Zangon da ba ta yarda ta rabu da uwarta ba ko a suna.

Inda haɗarin yake shi ne yanzu. Fom ɗin katin ɗan ƙasa da na banki da na jarrabawa kowanne yana da gurbin sunan iyali, kuma harafi ɗaya ya saɓa sai an je kotu an yi rantsuwa. Saboda haka jikan da aka haifa a Kaduna ko Legas yana amsa Daura ko da bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, ɗan Sandamu ko Mai'aduwa kuma yakan zaɓi sunan babban birni don shi aka fi sani a nesa. Mai binciken da zai zo nan gaba ya tattara masu wannan suna ya ce dangi ne zai cakuɗa Bafillace da Bahaushe, ɗan sarki da ɗan maƙeri, waɗanda ba abin da ya haɗa su sai ganuwa ɗaya da alƙalamin malamin da ya rubuta kakanninsu.