Tarihin rigimar G-Sync da FreeSync: yadda Nvidia ta sauko daga dokin naƙi

Yau tarihi za mu ɗan taɓa.

Duk wanda ya je sayen waya a 'yan shekarun nan ya ga ana rubuta 90Hz ko 120Hz a jikin kwali. Lambar nan tana nufin sau nawa skirin yake sabunta hoto a cikin sakan ɗaya. A wasu wayoyin lambar tana hawa tana sauka gwargwadon abin da kake yi. To a duniyar kwamfuta, sama da shekara 5 aka yi ana kai ruwa rana a kan wannan hawa da saukar, tsakanin kamfanoni biyu masu ƙera katin hoto, wato Nvidia da AMD. Abin da ake jayayya a kai shi ne: ƙa'ida ɗaya buɗaɗɗiya kowa zai bi, ko kowa zai kulle tasa?

Bari mu fara da matsalar. Katin hoto shi ne yake zana hoton gem ya miƙa wa monita. Monitar da, mai 60Hz, sau 60 take karɓa a sakan, ba ƙari ba ragi. Shi kuwa kati gudunsa ya danganta da nauyin wurin da kake a gem ɗin, nan ya zana 80, can ya faɗo 45. Idan suka saɓa, sai monita ta nuna rabin tsohon hoto da rabin sabo, ka ga hoto ya yage a tsakiya. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne V-Sync, mai sa kati ya jira monita. Yagewar ta tafi, amma sai gem ya riƙa sarƙewa, ka danna maɓalli ya amsa a makare. An gudu ba a tsira ba kenan.

A watan Oktoba na 2013, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Nvidia ta fito da G-Sync. Sai ta juya abin: monita ce za ta jira kati, duk lokacin da hoto ya gama zanuwa ta nuna shi. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Amma akwai sharaɗi. Dole mai ƙera monita ya sayi wani ƙaramin allo na musamman daga Nvidia ya sa a ciki, kuma da katin Nvidia kaɗai yake aiki. Wannan ya sa monitar G-Sync takan fi takwararta tsada da dala 100 ko fiye.

Wata uku bayan haka, a baje kolin CES na Janairun 2014 a Las Vegas, AMD ta nuna irin wannan aiki a kan laptop ɗin Toshiba na kasuwa, babu wani allo na musamman. Ashe hanyar da ke haɗa skirin ɗin laptop da cikinsa, mai suna eDP, tun 2009 tana da wannan damar, don rage shan batir. AMD ta sa wa nata suna FreeSync, ta kai shawarar gaban VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin skirin. A watan Mayu na 2014 VESA ta saka abin cikin DisplayPort 1.2a da sunan Adaptive-Sync, kowa ya yi amfani da shi ba biyan kuɗin lasisi. Monitocin farko suka shigo kasuwa a Maris na 2015.

Nvidia ta ce ita atafau ba za ta bi ba. Hujjarta inganci, kuma gaskiya tana da ɗan abin faɗa. Monitocin FreeSync da yawa tazararsu ƙarama ce, misali daga 48Hz zuwa 75Hz, da gem ya faɗo ƙasa da haka sai abin ya daina aiki, wasu kuma haskensu yana ƙyaftawa. Sai dai a 2015 ɗin da Nvidia ta kawo G-Sync a laptop, babu allon nan a ciki, da eDP ta yi amfani. Nan mutane suka gane cewa katin zai iya, kamfanin ne bai so.

Wanda ya sha wahalar rigimar shi ne mai saye. Monita ta fi kati daɗewa a hannun mutum. In ka sayi ta G-Sync ka ɗaure kanka da Nvidia, in ka sayi ta FreeSync mai sauƙi alhali katinka Nvidia ne, kuɗin wannan damar ya tafi a banza.

Sannu a hankali sai kowa ya karkata ɓangare ɗaya. A 2015 Intel ta ce za ta bi Adaptive-Sync. A Nuwamban 2017 HDMI 2.1 ta fito da nata mai suna VRR. A 2018 Xbox One ta samu FreeSync, wasu talabijin na Samsung ma haka. Monitocin FreeSync suka kai ɗaruruwa a kasuwa. Hausawa dai sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A CES na Janairun 2019, shugaban Nvidia Jensen Huang ya sanar cewa katinansu za su fara aiki da monitocin Adaptive-Sync. Bai yarda ya ɗauki sunan abokin hamayya ba, sai ya kira shi G-Sync Compatible. Ya ce sun gwada monita 400, guda 12 kacal suka ci jarrabawarsu, amma sauran ma mutum zai iya kunnawa da kansa. Ranar 15 ga watan sabuwar direba ta fito, ga masu GTX 10 da RTX 20. Daga nan PS5 ta samu VRR a Afrilun 2022, a Mayun shekarar VESA ta fara nata gwajin inganci mai tambari. A Agustan 2024 Nvidia ta sanar da haɗin gwiwa da MediaTek don a sa G-Sync cikin cip ɗin monita kai tsaye, babu buƙatar allon nan.

Ku lura da wani abu. Dokar Tarayyar Turai ce ta matsa wa Apple har iPhone 15 ta koma USB-C a 2023. Ita Nvidia ba dokar da ta tilasta ta, araha da yawa ne suka kawo ta. Amma 12 cikin 400 ɗin nan ma darasi ne: buɗaɗɗiyar ƙa'ida in ba mai gwada ta, kowane tarkace sai ya liƙa sunanta.

A waya, batir ne babban dalilin hawa da saukar, kamar yadda aka fara a laptop. Misali iPhone 13 Pro ta 2021 skirin ɗinta na LTPO yana yawo tsakanin 10Hz da 120Hz. In irin wannan skirin ya fashe aka sa maka mai araha, galibi 60Hz zai tsaya, don haka ka tambayi mai gyara kafin ya ɗaura.

Mai niyyar sayen monita kuma, musamman ta hannu, ya duba tazarar Hz ɗinta, kar ya tsaya a babbar lambar kawai. Katin GTX 10 sai ta DisplayPort abin zai yi masa aiki, ta HDMI ba zai yi ba. Tsofaffin monitocin G-Sync masu allon nan kuma ba sa ba katin AMD wannan damar, ko da hoto ya fito.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu amsa in sha Allahu.